Littafin da Kaka Ta Wanke

Shekarar da zan rubuta jarrabawar shiga sakandare, Baba ya yi mini magana ɗaya bai ƙara ba: sau ɗaya za a gwada. In na ci, makaranta. In na faɗi, tiren tallan waakye na gwaggona, wato shinkafa da wake, yana jirana a unguwar Akwatialine. Ba na ƙin waakye, har gobe ina ci, amma ɗaukarsa a ka ne ban so ko kaɗan.

Tsoro ya kama ni, abinci ya daina shiga. Ina da wani littafi mai jan bango da na cika da shuɗiyar tawada, wata shida ina kwafe duk abin da tica ya rubuta a allo. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. A ganina ilimina duka a cikinsa yake, kaina kuwa fanko ne.

Kakata, uwar Baba, mutuniyar Nijar ce, ba ta san ko bihim a boko ba. Abin da ta sani shi ne rubutun sha: malam ya rubuta a allo, a wanke, a sha. Tana dai kallona ina ramewa.

Saura kwana uku, na dawo daga famfo na same ta a tsakar gida da kwanon sha. Ta ɓalle shafukan littafina, tana ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, a natse. Waɗanda ta gama ta shanya su a igiya kusa da zanenta.

Na ajiye bokiti na ce, "Kaka, kin kashe ni."

Ta ce, "Kullum kallon takarda kamar mai zaman makoki. Abin da ba a sha ba ai ba ya zama a ciki. Ungo."

Na yi kuka har da majina. Na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ko a jikinta. Ta riƙe kwanon har sai da na kurɓa sau ɗaya, ɗanɗanonsa kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa. Sauran ta kafa kai ta shanye, wai ilimi ba a zubar da shi a kwata.

Ta goge baki ta ce, "To, biya mini."

Don haushi na fara, in nuna mata ba abin da ya rage. Sai shafin farko ya zo. Na biyu ya biyo shi. Har inda tawada ta ɗiga a lissafin rabawa ina gani a raina. Ita kuwa tana jan carbi tana cewa "madalla" a wuraren da ba su dace ba. Kwana uku muna wannan hadda, matan gida suna wucewa suna dariya. A rana ta biyu na cinye kwanon tuwo ban sani ba.

Ranar jarrabawa ina zama fensir ya suɓuce mini ya faɗi. Na sunkuya in ɗauka, sai na tuna leɓen Kaka shuɗi. Dariya ta kuɓuce mini, mai tsaron jarrabawa ya harare ni, na ɗauki fensir na hau rubutu.

Da sakamako ya fito, tica da kansa ya zo gida. Baba ya cire hula ya mayar. Gwaggo ta ce tirenta ya yi asara. Kaka ta gyara zama ta dubi tica ta ce, "Mun ci ke nan?"

Na ce, "Kaka, ni da wa?"

Ta ce, "Ke kurɓi ɗaya kika yi, 'yar nan. Wa ya shanye sauran?"

Har ta rasu tana gaya wa baƙi cewa ta ci jarrabawar boko. In suka dube ni, sai in ce gaskiya ne.