Kwalbar Jinin da Malam Dunoma Ya Mayar Gwiwa

Kullum kafin rana ta leƙo bayan duwatsun Kazaure, Malam Dunoma ya riga ya ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan mashin. Shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin gwajin jini, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A 'yan shekarun nan wasu likitoci masu bincike a Kano suka ɗora masa ɗibar jinin masu wata cuta da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har ƙafa ta mutu, ido ya dushe. Alamun wata illa suke aunawa a jinin, wadda yakan kwatanta wa majinyata da tsatsar da ke cin ƙarfe. Sharaɗinsu ɗaya: jinin ya isa da sanyinsa, in ya ɗumama awo ya zama ƙarya.

Cikin majinyatan akwai Zulaikha, wata tela a garin Gwiwa da ƙafarta ta daina taka keken ɗinki. Mahaifinta Malam Ukasha ya ji ana raɗe-raɗin cewa sayar da jinin ake yi. Da ƙyar ya yarda, ya ce sau ɗaya tak. Malam Dunoma ya ɗebi jinin ya kama hanyar komawa, sai taya ta fashe, kafin a samu mai faci ƙanƙara ta zama ruwa. Da ya miƙa kwalbar haka, ido ba zai gane ba. Sai dai a rubuta wa baiwar Allah sakamakon da ba nata ba.

Sai ya juya. Ya tarar da dattijon a zaure tare da maƙwabta, ya durƙusa, ya ajiye kwalbar gabansa, ya faɗi komai, bai ko ɗora wa taya laifi ba.

Malam Ukasha ya daɗe yana juya kwalbar.

"Yanzu Malam, saboda wannan ɗan abin ka dawo?"

"Amanarku ce, Baba. A hannuna ta lalace."

Dattijon ya dubi maƙwabtan ya ce, "Mai sayar da jini ba ya dawo da shi." Ya aika a karɓo ƙanƙara wurin mai zoɓo, ya ce a kira Zulaikha a sake ɗiba.

Malam Dunoma, kai ne ka sha faɗa cewa ba magani ke hannunka ba, gaskiya ce kawai. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da za ku gaji akwatin nan, ranar da ƙanƙara ta narke muku babu mai gani, ku juya.