Wayar da Na Murɗa a Hanyar Zoza

Da ana dawo da abin da ya wuce, silin waya guda ɗaya zan roƙa a ba ni in warware. Bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, amma shi ya sa yau ba na iya haɗa ido da ƙanwata.

Mijinta ya rasu a Zoza farkon damina. Ta fita takaba daidai lokacin da aka gama tsinkar gyaɗa, aka raba gado, aka ce ta dawo gida Karaye. Tumakinta an riga an koro su. Abin da ya rage shi ne buhunan gyaɗarta, har da irin da za ta shuka baɗi, da harawar da za ta riƙe tumakin zuwa faɗuwar ruwa. Iyakar abin da ta fito da shi daga auren ke nan, ni kuma na ce ni zan ɗauko.

Motar a-kori-kura ce ta babban ɗana. Idona ya fara gajiya da duhu, ban kuwa gaya wa kowa ba. Sai na sayo doguwar fitila irin wadda ake ɗaurawa a kan rufi. A ƙasan rediyon motar akwai makunnai jere da ba a haɗa su da komai ba, an bar su don irin wannan ƙarin. Ɗana ya ce, "Baba, a kai wa mai rewaya. Fitila mai ƙarfi haka tana son rile mai ɗauke wa makunni nauyin wuta, da fiyus nata mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, da waya mai kauri." Na ce na riƙe sitiyari tun ba a yi auren uwarsa ba. Na jawo siririyar waya daga makunni na farko, na bi da ita ta gefen ƙofa, na hau da ita kan ƙarfen bodi da ke bayan direba, na naɗe da baƙin salatif. Ta kama. Na ji daɗi kamar na ƙera motar.

Mun tashi da asuba ni da maƙwabcina, wanda ya zo taya ni lodi. Muna fita gari na danna makunnin, titi ya yi fari fat har kan bishiyoyi. Maƙwabcina ya ce, "Alhaji, kashe ta, kada zakarun ƙauyen Turawa su ɗauka rana ta fito sun makara." Ba mu yi nisa ba sai ɗif, ta mutu da kanta. Na tsaya na buɗe akwatin fiyus, na ga fiyus ɗin ya ƙone. Na sa na ajiya, shi ma bai kai mu ko'ina ba. Sai na yi abin da na saba yi tun ina yaron mota: na fere guntun waya da haƙori, na zaro sili, na murɗa a ƙafafun mataccen fiyus ɗin, na mayar.

"Wannan ba ta ƙonewa?" in ji maƙwabcina.

"Ba ta ƙonewa," na ce. Gaskiya na faɗa masa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, in ita ba ta ƙone ba, wani abin ne zai ƙone.

Hanyar Karaye zuwa Rogo kwalta ce, amma damina ta cinye gefenta, akwai wuraren da sai ka zaɓi ramin da ya fi maka sauƙi. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, wasu sun fara yanka. Kusan kowace bishiya an ɗora mata harawa a reshe don kada dabbobi su kai gare ta. Mun ci karo da shanu suna tsallaka titi a natse, makiyayin ya ɗaga mana sanda, muka gaisa ta taga har sai da na ƙarshen ya wuce.

A Rogo muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har maƙwabcina ya tambayi mai tuyar ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce ya je ya tambayo kuɗin wake da man gyaɗa ya dawo su yi magana. Daura da inda muka zauna akwai shagon kayan mota, a buɗe. Na kalle shi. Kuɗin fiyus bai kai na ƙosan da na ci ba. Na ce sai a dawowa.

Daga nan muka sauka kan hanyar ƙasa zuwa Zoza. Gaisuwa da ta'aziyya suka ci hantsi, don ba gidan da za ka wuce ba ka tsaya ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, aka kawo fura da nonon da na daɗe ban sha irinsa ba. Bayan azahar aka fara lodi. Buhuna a ƙasa, harawa a sama, aka yi ta ɗorawa har ta wuce rufin motar, ta danne ƙarfen da wayata ta bi. Muka ɗaure da igiya tamau. Sallamar mata ta ɗauki lokaci, ana kuka ana yafiya, ba mu bar garin ba sai bayan la'asar sakaliya. Da muka iso Rogo an rufe shagon.

Mun yi magariba a wani masallacin bakin hanya. Da muka koma mota, mu uku a gaba, ƙanwata a tsakiya, na danna makunnin.

Can ta ce, "Yaya, kamar ina jin ƙaurin roba."

"Masu ƙona shara ne," na ce.

Jim kaɗan ta sake cewa, "Yaya, ƙaurin fa a kusa yake."

Na ce mata ta bar wa direba tuƙinsa. Ba ta ƙara magana ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, ni ma haka na saba a yi mini.

Wani mai babur ne ya biyo mu yana ta hon, yana ɗaga hannu. Na ɗauka haske ne ya dame shi. Sai da ya zo daidai tagata na ji abin da yake faɗa: "Wuta! Baba, wuta a bayanka!"

Na taka birki. Kafin in fito, saman harawar ya zama ja. Na kashe makunnin, amma aikin gama ya gama. Na buɗe bonet na fizge kan batir. Maƙwabcina ya zaro wuƙa yana yanke igiyoyi, mai babur ɗin yana kwaso ƙasa da hularsa. Wasu makiyaya da ke kusa suka sheƙo da sanduna suna ture harawar ƙasa. Ba ruwa a wurin sai ɗan abin da ya rage a butarmu. Busasshiyar harawa kuwa ba ta jiran kowa, kuma da wutar ta taɓa gyaɗa sai ta sami mai.

Ban ga lokacin da ƙanwata ta zagaya baya ba. Na dai ji maƙwabcina yana ihu, "Baiwar Allah, saki! Saki!" Ta kama buhun irin nan da hannu biyu tana ja, ledar buhun tana narkewa a tafinta. Da ƙyar aka ɓamɓare ta. Buhun ya fashe, irin ya zube cikin wutar.

Motar ta tsira, in ban da fenti da gilashin baya. Harawa ba ta rage ko ɗauri ɗaya ba. Gyaɗar da muka ceto ba ta cika buhu biyu ba, ita ma ta sha hayaƙi. Matar ɗaya daga makiyayan ta yage gefen zanenta mai tsabta ta lulluɓe hannuwan ƙanwata, mai babur ya ɗauke ta zuwa asibiti a Karaye. Mu muka biyo a hankali bayan na tsinke wayar gaba ɗaya, da fitilun motar na asali, maƙwabcina yana faɗa mini inda ramuka suke.

Washegari gida ya cika da masu jaje. Kowa cewa yake ƙaddara ce, wasu suka ce wani ne ya jefa guntun taba. Ɗana ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro abin da na murɗa, ya duba, ya sa a aljihu.

Na je asibiti na zauna a bakin gadonta, na faɗa mata komai, har da maganar idona. Ta daɗe tana kallon hannuwanta a naɗe. Sannan ta ce, "Na yafe, Yaya. Amma a sayar da tumakin tun suna da nama a jikinsu. Ba abin da zan ba su."

An kai su kasuwa ranar da ta ci. Ni na riƙe igiyar. Likita ya ce yatsu biyu na hannun damanta ba lallai su sake miƙewa ba, ita kuwa da hannun nan take ɓarar gyaɗa, da shi take shuka.

Na yarda da ƙaddara, amma ni na fere wayar nan da haƙorina. Ku direbobi 'yan'uwana, musamman tsofaffi irina: in fiyus ya ƙone sau biyu, ba shi ne ya lalace ba, aikinka ne. Kada ku ɗaure shi da waya. Ku kai ƙarin fitila wurin mai rewaya ya sa mata abin da take buƙata. In kuma na ƙasa da ku ya ce yana jin ƙauri, ku tsaya ku sauka ku duba. Don Allah kada wani ya yi abin da na yi.