Burtalin da Baba Ya Toshe

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Yelwa, ni da Inna da Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, mako uku bayan mun binne Baba. Saƙonsa muka tafi cikawa. Kwana biyu kafin ya rasu ya kama hannuna, ya ce in je ƙauyenmu na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, in tumɓuke gambar da ya dasa, in buɗe burtalin da ya haɗe da gonarsa tun ina yaro. Ta nan shanun wani Bafulatani maƙwabcinmu suke bi zuwa mashaya. A wurin jana'iza an yi ta yabon Baba, dattijon ikilisiya mai tsarki, bai taɓa shan giya ba, bai taɓa ɗaga fartanya ranar Lahadi ba. Duk gaskiya ne. Maganar gamba dai ba wanda ya taɓo ta.

Motar Wara naira ashirin da biyar ce mutum guda, aka cusa mu tsakanin buhunan albasa. Muna wuce Birnin Yauri hanya ta lalace. Direba ya ce an ba mu sabuwar jiha, amma ramukan nan ba su sami labari ba tukuna. Kowa ya yi dariya ban da Inna. A Wara muka ci tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, muka shiga kwalekwale. Ruwa ya janye sosai, gaɓa duk baƙin taɓo. Mai tuƙi ya nuna mana da baki inda tsohon garinsu yake kwance ƙarƙashin ruwa tun da aka yi dam.

Washegari kafin sujada na tafi rugar Bafulatanin. Na tarar da tsohon shi kaɗai da awaki huɗu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa rasuwar da kuma saƙon.

Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, ɗana. Sau uku na je masa kan maganar burtalin nan. Sauran kwanaki yana fataucin kifi, Lahadi kaɗai ake samunsa. Sai in zauna gindin ɗorawa har ku gama waƙa. In ya fito ya ce ba ya maganar gona a ranar Ubangiji."

Na tambayi shanu. Ya ce da hanya ta toshe sai suka koma zagayawa ta taɓo, suna kafewa, wasu a yanka su nan inda suka nutse. 'Ya'yansa suka gaji, suka kora ragowar suka haye Borgu. Matarsa ta rasu ba ta sake ganinsu ba.

"Buɗe in kana so," in ji shi. "Awaki ba ruwansu da burtali."

Na ce, "Baffa, ka yafe masa." Sai ya tashi ya ɗebo mini ruwa a ƙwarya. Amsar da na samu ke nan.

Da na koma gida na ɗauki galma. Baba Ƙarami ya tare ƙofa.

"Kai, yau Lahadi! Ɗan dattijo da galma, me mutane za su ce? Bari sai gobe a zauna, gonar nan yanzu ta gado ce."

Inna ta ce, "Goben nan yayanka ya jira har ya shiga kabari da ita. Matsa."

Ta karɓi galmar ta yi gaba. Muna haƙa muna jin waƙar da Baba ya saba bayarwa tana tashi daga majami'a. Saiwar gamba ta yi nisa cikin ƙasa, tafin hannuna ya tsage, ba mu gama ba sai la'asar. Masu fitowa daga sujada suka wuce mu, kaɗan ne suka ce sannu.

Litinin muka juyo. A cikin kwalekwale Baba Ƙarami yana lissafin irin geron da burtalin zai ci in ruwan sama ya sauka. Mun iso Yelwa da yamma, warin albasa a tufafinmu.

Ban daina ƙaunar Baba ba, kuma na san ya tuba. Abin da na gano shi ne, salamar da muke roƙo kowace Lahadi ta zo da ƙafarta sau uku, ta zauna gindin ɗorawa, aka sallame ta saboda tsarkin rana. Mun baro burtalin a buɗe har bakin ruwa, babu sawun kofato ko ɗaya a kansa.