Mama Keziya, Wadda Ta Ƙi Kifin Guba

Kafin ɗaliban Samaru su fito neman keke, Mama Keziya ta riga ta isa bakin kogin Galma. Masunta kan zube mata abin da suka kamo, ita kuma ba ta taya kifi sai ta duba idonsa ta sansana. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana bandar kifi a Sabon Gari. A wannan wata ta ajiye sana'ar, don hayaƙi ya fara cin idanunta.

Da kifi ɗaya aka fi saninta, wanda masunta ke kira dorawa, mai sheƙi da ɗan gashin baki. Mutane na gudunsa saboda ƙaya. Ita takan tsattsaga shi kusa-kusa, ta bar shi a wuta mai sanyi har ƙayar ta yi laushi.

Amma ba don wannan nake jinjina mata ba. Malam Dalhatu, dattijon masunta, ya ba ni labari da bakinsa. Wani rani kamu ya yi wuya, wasu cikinsu suka zuba maganin feshi a gurbi, kifi ya taso birjik. Malam Dalhatu aka wakilta ya kai mata kwando uku.

"Ta sansana, ta dube ni," in ji shi. "Ta ce, 'Malam Dalhatu, ka ci ɗaya a gabana, in kwashe sauran.' Wallahi na kasa."

Ba ta tsaya nan ba. Ta bi 'yan'uwanta masu banda ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ƙi saye, dole aka binne kifin. Masunta suka yi fushi, wata biyu ba wanda ya sayar mata. Murhunta ya huce, ga marayu huɗu a gida. Kunu ta koma sayarwa a bakin tasha.

Gurbin nan sai da ya shekara uku ba dorawa. Tun kafin nan Malam Dalhatu ya je ya ba ta haƙuri, kuma shi ne yau ke hana zuba magani.

Mama, ke ce kika zaɓi yunwar gidanki a kan ciwon gidajen da ba ki sani ba. Mu da muka ci kifinki lafiya ba mu ma san an yi ba. Mun gode, Allah Ya ba idanunki lafiya.

Masu sayar mana da abinci, ga abin koyi: abin da ba za ka iya ci a gaban mutane ba, kada ka miƙa wa ɗan wani.