Baba Idi mai birki ya tahi, kwalbar man birki na nan ƙarƙashin kujera

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da sahen nan ina shara Inna ta shigo ta ce mani Baba Idi mai birki ya rasu.

Jiya da la'asar ne, yana dawowa Konni daga suna a Tajaye. Kusa da Malbaza motar siminti ta rage gudu a gabansu, direbansu ya taka birki, birki bai kama ba. Waɗanda sunka je wurin sun ce ruwan omo anka tarar cikin tulun man birkin.

Ruwan omo. Abin da Baba Idi ya kwashe shekaru yana faɗa a kai.

Da yawanku kun san shahinshi na intanet, inda ake sa hoton plaket, wato takalmin birki, da man birki da labaran motoci. Ni ce ke rubuta mashi. Shagonshi na jikin gidanmu, idonshi kuma ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. In na taso daga lakwal, wato makaranta, sai ya miƙo wayar: “Zo, 'yar littahi, rubuta masu sabbin kaya sun iso. Ki ƙara da cewa omo na wanki ne.”

Ladana shi ne in sa wayata caji, in zauna bayan kwalaye ina karatun littattahaina na soyayya ba mai aike na. In masu saye sunka cika shagon ya san ba ni iya ɗaga kai, sai ya tsaya ta yadda zai kare ni.

Wata rana ya gan ni ina share hawaye. Ya ce, “Mi anka yi?” Na ce jarumin ne ya yi hatsari. Ya ce, “Wace irin mota?” Na ce ba a faɗa ba. Ya girgiza kai: “Marubutan nan ba su duba komi.”

Na san ajali ne, ba ni jayayya da hukuncin Allah. Amma raina a ɓace yake. Yanzun nan na buɗe shahin, ƙarƙashin hoton ƙarshe da munka sa wani na tambaya ko akwai ragi. Wani kuma ya yi ta'aziyya mai tsawo, alhali na sha jin Baba Idi na roƙon shi ya daina zuba omo.

Ganina da shi na ƙarshe shekaranjiya ne. Ya ba ni kwalin plaket da kwalbar man birki, ya ce, “Kai wa yayanki Lawali. Tun daga kwana nike jin kukan motarshi. Ki ce ya sa kahin ya sake ɗaukar mutane.”

Na kai. Yaya Lawali ya ce, “To, sai an samu sarari,” ya tura su ƙarƙashin kujerar motarshi.

Ɗazu ya shigo neman makullin motar, wai zai tahi Bazaga ya kwaso dangin Baba Idi zuwa zaman makoki. Makullin na hannuna. Ni da ban taɓa musa mashi ba, na ce, “Yaya, ba ni ba ka sai an sa kayan nan.”

Ya ce, “Ke, kin san da wa kike magana?”

Na ce na sani. Inna ta dube shi. Ya daɗe tsaye, sannan ya hita. Yanzu haka ina hango ƙafar makanike ƙarƙashin motar, makullin kuma na cikin littahina har a gama.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya haskaka kabarinshi, Ya ba waɗanda sunka ji rauni lahiya, Ya ba iyalinshi haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a. In kuma kai direba ne, bayan ka shafa, je ka buɗe tulun birkinka ka duba.