Ƙyale-ƙyalen Baba Akawu

A ofishinmu Baba Akawu ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana buga wasiƙu, tun zamanin tafireta, kuma in yana aiki ba ya kallon yatsunsa. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. 'Ya'yansa mata uku suna makaranta, mahaifiyarsu ta rasu, shi ne uwa shi ne uba.

Ni kuwa sabuwar mai kula da kwamfutoci ce, wata huɗu da ɗauka, ko tabbatar da ni ba a yi ba, sai rawar kai. Manaja ya ce in zaɓo babbar manhaja guda, cikin na kyautan nan da kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara, in sa wa kwamfutocinmu goma sha biyu. Na zaɓi mara nauyi, wadda ba ta da ado ko kaɗan, don injinan sun kwana biyu.

Matsalata Baba ce. Wani ƙaninsa ya sa masa wata mai ƙyale-ƙyale: in ya ja tagar rubutu a kan allo sai ta yi rawa kamar tsumma a igiya, allonsa baƙi rubutu fari, in ya danna wani maɓalli komai ya kumbura ya cika allo. Kullum yana bina.

"'Yata, ki bar mini tawa."

"Baba, tsofai-tsofai da kai, me za ka yi da kwalliya?"

"Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ranar da ya tafi asibiti, wai ciwon baya, na goge tasa na sa tawa, har ina yaba wa kaina.

Washegari da safe manaja ya fito a gaggauce, akwai wasiƙar da manya ke jira. Yadda suka saba, manaja ya tsaya bakin taga ya ba da baya yana faɗa, Baba na bugawa. Ni ina durƙushe gefe ina haɗa firinta.

Baba ya danna maɓallinsa, ba abin da ya kumbura. Ya sake dannawa. Ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya ja baya. Sai ya laluba da linzamin kwamfutar, ya danna inda yake zaton takarda take, ya soma bugu.

Ashe bai buɗe komai ba. Yatsunsa na gudu, ko harafi ɗaya bai fito ba, shi kuwa ya tsura wa allon ido yana gyaɗa kai. Nan na gane. Adon da nake yi wa dariya, da shi bawan Allahn nan yake gani.

Na yunƙura zan miƙa hannu, manaja ya juyo.

"Karanta mini sakin layi na biyu."

Baba ya karanto shi da ka, ko tuntuɓe bai yi ba. Manaja ya taho yana madalla, ya leƙa ta kafaɗarsa, ya ga babu komai a allon.

Na yi wuf na ce, "Yallaɓai, laifin sabuwar manhajar ne. Takan haɗiye rubutu. Ni na sa ta ban gwada ba."

Ya ƙare mini kallo. "Wato kwamfutoci goma sha biyu kika sa wa abin da ke haɗiye wasiƙa? Ki same ni ofis da makullanki."

Baba ya zare tabarau, ya ajiye kan tebur a hankali.

"Yallaɓai, ka ƙyale yarinya, aikinta lafiya lau. Shekara uku ke nan ba na ganin ƙaramin rubutu. Jiya ma wurin likitan ido na je."

Manaja ya koma ofis. Kunya ta hana ni ɗaga kai, Baba ne ma ya ce in tashi kada gwiwata ta yi ciwo.

Ƙarshen wata aka sallame shi, a satin nan aka tabbatar da ni. An ba shi takardar yabo mai shafi ɗaya. Ni aka sa na buga ta, don ba mu da wani akawu.