Barau Mai Turke na Tashar Gagarawa

Barau bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma duk ƙasar Gumel ban ga wanda ya san halin jirgi kamarsa ba. Ni Ilu, mai fataucin kanwa daga Maigatari, ina da dalilin faɗar haka, kuma dalilin bai bar ni da wani abin alfahari ba.

Mutumin Sule Tankarkar ne, gajere, yana ɗingisa ƙafar hagu tun da wani takarkari ya taka shi yana saurayi. Ya fi shekara ashirin yana bin ayarin fatake tsakanin Damagaram da Kano. Bai taɓa zama madugu ba, bai ma nema ba. Aikinsa bin baya: idan ayari ya tashi daga zango shi ne na ƙarshe, yana tsintar wanda jakinsa ya kwanta, da wanda zazzaɓi ya kayar, da tsohuwar da ƙafa ta gaza. Yakan ce shi bai san fuskar fatake ba, ƙeyarsu ya sani.

Da aka shimfiɗa dogo ya ratso ƙasarmu, ayari ya fara ja baya, sai Barau ya tattara ya dawo bakin sabuwar tasha. Nan hanyar Maigatari da ta Gumel da ta Sule Tankarkar suke zubewa. Ga rumfunan masu awon gyaɗa da sikelinsu, ga dillalan fata, ga mu 'yan kanwa. Mutum zai zo a kan jaki ko raƙumi, ya sauka ya shiga tarago. To, dabbar fa, wa za a bar wa? Barau ya kafa turaku a gindin wata tsamiya, yana karɓar dabbobin matafiya, ya ba su harawa da ruwa har masu su su dawo. Bai taɓa miƙa wa wani jakin wani ba.

A ranin da jirgi ya cika shekara da fara zuwa na kawo mahaifiyata, Iya. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, rana da inuwa kawai take bambancewa, kuma an ba mu labarin wani mai cire yana a Kano. Iya ba ta taɓa wuce Gumel ba. Ni ma ranar ce farkon shigata jirgi, amma da yake na girma a ayari, gani nake babu abin da wani zai koya mini a kan tafiya.

Muka iso da hantsi. Barau ya karɓi jakinmu, ya gaida Iya, ya daɗe yana kallon yadda take lalube da sanda.

Ya ce, "Malam Ilu, wa zai riƙe ta a ciki?"

Na ce, "Ni mana, Baba. Ɗanta yana raye."

Ya taya ni muka ɗora ta a tarago. Na gan shi yana ƙus-ƙus da wata mai man shanu da ke zaune kusa da ƙofa, na ce a raina tsohon nan son hira ya yi masa yawa.

Zamanmu ke da wuya Iya ta ce ƙishirwa take ji, gorarmu kuwa ba ko ɗigo. Sai na yi abin da kowane bafatake mai tarbiyya zai yi. A ayari, idan uzuri ya kama ka, madugu za ka je ka samu da goro, in ya karɓa, ba a ɗaga kaya sai ka dawo. Na taka har kan jirgi inda inji yake, na sami direba, wani mutumin kudu da gawayi ya rine, na miƙa masa farin goro, na ce, "Madugu, a dakata mini, zan ɗebo wa tsohuwa ruwa." Ya karɓa, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai. Bawan Allah ba ya jin Hausa, kyauta ya gani ya gode.

Na tafi rijiya hankali kwance, har da tsayawa gaisawa da wani ɗan garinmu. Na ji usur, na ce kiran mutane ake yi. Ina cikin jan guga na ɗaga kai, sai na ga hayaƙi yana tafiya.

Na yar da gora na zuba da gudu ina ihu, "Madugu! Madugu, ka karɓi gorona!" Jama'a na ta dariya, ni kuwa ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Makauniya ita kaɗai a tashar Kano, ba ta san kowa ba, ba ta san sunan unguwar da za mu ba, wani jirgin kuma sai bayan kwana uku. Na zauna dirshan a kan tsakuwar dogo, na fashe da kuka da gemuna.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Barau ne, riƙe da jakinsa na kansa, wani ƙaton fari, an ɗaura masa akumari, ga gora cike da ruwa a rataye.

Ya ce, "Tashi ka hau, naka ya gaji. Bi dogo kada ka rabu da shi. A Taura za ka same ta."

Na ce, "Baba, wa zai sauke ta a Taura?"

"Adda Murja, mai man shanun nan. Na ba ta amanarta. Duk wanda na ga an shigar ba ido ko ba ƙafa, sai na haɗa shi da wani. In nasa ya makara, a sauke shi a tasha ta gaba, a zauna da shi."

Na dubi jakin. "Yaushe ka ɗaura masa akumari?"

"Tun da na ga ka nufi kan jirgi da goro a hannu. Kai ne na goma sha ɗaya, Malam Ilu, kuma dukanku fatake ne."

La'asar sakaliya na shiga Taura. Na hango su a gindin wata ƙirya, Adda Murja tana yi wa Iya fifita, man da za ta kai Kano ya narke a ƙwarya. Iya ta ji takun jaki ta ɗago kai, ta ce, "Ilu? Ilu ne?" Ni ne ɗanta na fari, shekarata talatin da biyu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Adda Murja ta ce tun azahar duk jakin da ya gifta haka take tambayarsa.

Muka je Kano a jirgi na gaba, wannan karon ko fitsari ban sauka ba. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya ƙi, muka gode Allah. Da muka dawo Gagarawa Iya ta ce ba za ta hau jaki ba sai ta ga mutumin nan da idonta. Ta ƙare masa kallo daga hula har ƙafar da ke ɗingishi, ta ce, "Ashe gajere ne!" Ta yi ta sa masa albarka.

Yau Barau ya daɗe a ƙasa, tsamiyar ma an sare ta, amma ban taɓa idar da salla ban ambace shi ba. Ina yi masa godiyar da baki ba ya iya kaiwa.

Ranar da muka dawo ɗin nan na kawo masa riga sabuwa daga Kano, ya ƙi karɓa, ya ce harawar jaki kawai ya sani. Na rasa yadda zan yi, na laluba aljihu na ciro goro na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ɓare, ya ba Iya rabi.

Ya ce, "Wannan kam zan karɓa, Malam Ilu. Duk ranar da za ka rijiya, ka je abinka. Ni zan jira."